Kafin a Sayi Regileta: Shiri ga Masu Tsohon Babur a Yamai

 

Shirin yau na masu babur ne, musamman tsohon babur wanda ya sha hanya ya ƙoshi. Magana ce a kan wani ɗan akwatin ƙarfe da bai cika tafin hannu ba. Galibi yana maƙale a ƙarƙashin tanki, ko a bayan murfin gefe, da wayoyi 4 ko 5 a jikinsa. Masu gyara na ce masa regileta. Shi ke daidaita wutar da inji ke haifarwa kafin ta isa batir da fitilu. Ba a cika gyara shi ba, don cikinsa a dasƙare yake da baƙin danƙo. In ya mutu, sauyawa ake yi. A wajen sauyawar nan ne kuɗin mutane ke zurarewa. A saya yau, ya ƙone jibi, gata a koma kasuwa.

Za a fara da yadda wutar babur ke tafiya. Daga nan sai alamun lalacewa, sai shiga kasuwa, sai ɗaurawa. Wanda babur ɗinsa ke tsakar gida, ya matso kusa da shi da rediyon.

To, ga kashi na farko: ina wutar take fitowa?

A gefen injin akwai wani faifan ƙarfe mai maganaɗisu. A cikinsa akwai wayoyin tagulla da aka nannaɗe, su ne bobin. Inji na juyawa, faifan na juyawa, bobin na haifar da wuta. Sai dai wutar da yake haifarwa mai kai-da-komo ce, ta yi gaba ta yi baya. Shi kuwa batir ba ya cin irin wannan. Wuta mai bin hanya ɗaya yake karɓa. Aikin akwatin na farko ke nan: miƙar da wutar. Aikinsa na biyu shi ne hana ta wuce kima.

Ku ɗauka famfo ne da ba a iya rufewa, yana zuba cikin randa. Randar ita ce batir. In babur na silo, famfon ɗigo yake yi. In an murza totur, sai ya ɓalle. Dole a sami mai karkatar da rarar, in ba haka ba randa ta cika ta yi ambaliya. Regileta ne mai karkatarwar. Ita kuwa rarar wuta, a irin regiletan da ke kan yawancin ƙananan babura, zafi take komawa. Shi ya sa za ku ga bayan akwatin da tsage-tsage na alminiyam. Ba ado ba ne. Ta nan iska ke kwashe zafin.

Yanzu a haɗa wannan da yanayin Yamai. A watannin Afrilu da Mayu, zafin rana kan haura digiri 40. Mai babur ya tsaya cikin cunkoso a bakin Gadar Kennedy da tsakar rana. Inji na huci, kwalta na huci, iska ba ta kaɗawa. Ƙurar hunturun da ya wuce kuma ta haɗu da maiƙo, ta toshe tsagen akwatin. A nan regileta mai rauni yake sallamawa. Damina kuma nata salon daban ne: ruwa ya shiga soket ɗin regileta, haƙoransa su yi tsatsa, wuta ta riƙa wucewa da ƙyar, wurin ya ɗumame har roba ta narke.

Kashi na biyu, masu sauraro: yaya ake gane regileta ne ya lalace?

Hanya biyu yake mutuwa. Ko ya saki wuta fiye da kima, ko ya hana ta wucewa. In ya saki, ƙwan fitila ne ke fara kai ƙara. Da an murza totur sai ya yi haske fau, ya mutu. A sa sabo, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Ruwan batir yana ƙafewa da wuri. Batir ɗin ya yi zafi, wani lokaci ya kumbura, a ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. In kuwa hanawa ya yi, da safe a danna sitata sai a ji ƙas-ƙas kawai. Oda ta shaƙe. Sigina ta kama amma ta ƙi ƙiftawa. Sai an koma ga kik, ko a roƙi yaran unguwa su tura.

Amma a yi hattara. Duk waɗannan alamun, wani abu dabam na iya kawo su. Batir da ya tsufa yana kawo su. Bobin da ya ƙone yana kawo su. Waya ɗaya da ta saki ma ta isa. Mutane da yawa sun jefar da lafiyayyen regileta, alhali laifin na soket ne.

Saboda haka a auna kafin a saya. A sake ji: a auna kafin a saya.

Abin awon shi ne ƴar mitar nan ta hannu mai wayoyi biyu, ja da baƙa, wadda masu gyaran wutar babur ke ajewa a akwatin kayan aiki. Tana nuna ƙarfin wuta da ma'aunin da ake kira bolt. A ɗora ja a kan hannun batir mai alamar tarawa, baƙa a kan mai alamar ɗebewa. Babur a kashe, lafiyayyen batir mai bolt 12 zai nuna wajen 12 da rabi. In ya gaza 12, a fara kai shi caji, don awo da mataccen batir ƙarya yake faɗi. Sai a tayar da babur, a murza totur zuwa tsaka-tsaki. Lambar ta hau, ta tsaya tsakanin 13 da rabi zuwa 14 da rabi. In ta wuce 15 tana ta hawa, regileta ya saki. In ba ta motsa daga inda take ba, wuta ba ta zuwa. A nan sai a zare soket, a juya mitar zuwa awon wuta mai kai-da-komo, a auna wayoyin da suka fito daga inji. In lamba na hawa sosai tare da totur, bobin na da rai, laifin yana gaba. In shiru, bobin ne, kuma regileta goma ba za su tashe shi ba.

Akwai wani gwaji da ake yawan gani a gareji, wanda ya kamata a daina. Yaro ya zare wayar batir inji na aiki, wai a ga ko babur zai mutu. Ko ya goga waya a jikin ƙarfe a ga tartsatsi. Wannan gwajin kansa yana kashe regileta, yana kashe ƙwai, wani lokaci har da sidiyai, wato akwatin da ke ba buji wuta. Mai babur na da ikon cewa, “Maigida, don Allah a sa mita.”

To, an auna, an tabbata regileta ne. Kashi na uku ke nan, kuma a nan shirin zai daɗe: wanne za a saya?

Tambayar farko, babur ɗin mai bolt 6 ne ko mai 12? Ga sabon babur ba a ma yin wannan tambaya. Ga tsoho kuwa dole ce. Kamfanin Honda na Japan ya fito da CG125 a 1975, kuma ya ƙera shi ne don ƙasashe masu tasowa, inda hanya ba kyau, gyara kuma ba ya samuwa a kan kari. Na farko-farko masu bolt 6 ne. A shekarun 1980 aka koma 12. Super Cub, wanda aka fara a 1958, shi ma wannan hanyar ya bi. Haka tsofaffin Yamaha Mate, akwai masu bolt 6. Kenan babura biyu na iya zama suna ɗaya, kama ɗaya, amma wutarsu daban.

Ganewa ba wuya. A buɗe murfin gefe a dubi batir. In mai ruwa ne, a ƙirga marafan samansa. Marfi 3, bolt 6 ne. Marfi 6, bolt 12 ne. Lambar jikinsa ma na faɗi: wani ya fara da 6N, wani da 12N. A kuma cire ƙwan fitila a dubi gindinsa, an buga lambar a jikin ƙarfen. In batir ya faɗi abu ɗaya, ƙwai ya faɗi wani, to wani mai shi na baya ya taɓa wayarin, sai a kai wa gwani ya bi sawu.

Wasu tsofaffin masu bolt 6 ba su da regileta sam. Ɗan abin miƙar da wuta kawai gare su, batir ne ke shanye rarar. Shi ya sa in aka cire wa irin wannan babur batir aka ci gaba da hawa, ƙwai ba ya kwana.

Tambaya ta biyu: fitilar gaba daga ina take shan wuta? Wannan ma a tsakar gida ake gane shi. A murɗa makulli, kada a tayar da inji, a kunna fitila. In ta kama, daga batir take sha. In ba ta kama ba sai an tayar, kuma haskenta na hawa da sauka tare da totur, to kai tsaye daga bobin take sha. Babura masu irin wannan fitila galibi regileta mai haƙori 4 suke amfani da shi. A tsarin Honda, waya ruwan ɗorawa ta fitila ce, fara ta caji, ja ta batir, koriya kuma ita ce mas, wato wayar da ke haɗe da jikin babur. A irin wannan tsari, ƙarshen bobin ɗin a manne yake da jikin inji.

Ɗaya tsarin kuwa, bobin bai taɓa jikin inji ba. Wayoyi biyu ke fitowa, dukansu su shiga regileta, duk wutar ta tafi batir, fitila ta sha daga can. Manyan babura kuma wayoyi 3 ne, duka ruwan ɗorawa. Regileta na wannan tsari ba ya aiki daidai a wancan. Ko soket ya shiga cif, ba zai yi ba. In an dage sai an sauya tsari, sai an buɗe inji an raba ƙarshen bobin da jikin ƙarfe, kuma wannan aikin gwani ne.

Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Ga yadda abin kan kasance a shago. Mutum ya zo ya ce, “Alhaji, regileta nake so, na 125.” Mai shago ya miƙo kwali ya ce, “Ga shi Malam, ai duk ɗaya ne.” Ba lalle yaudara yake nufi ba. Akwatin ɗaya, tsagen ɗaya, soket ɗaya. Amma a ciki, haƙorin da ke zuwa batir a wannan, shi ne ke zuwa fitila a wancan. A ɗaura, a murɗa makulli, fiyus ya tsinke. In an yi rashin sa'a an riga an maye fiyus da zaren waya, to waya ce za ta yi hayaƙi.

Launin waya ma ba abin dogaro ba ne ido rufe. Ku saurari wannan da kyau. A Honda, mas koriya ce, baƙar waya kuwa mai wuta ce, ita ke ɗauko wuta bayan an murɗa makulli. A Yamaha, baƙar ita ce mas. A Suzuki, mas baƙa ce mai farin layi. Kenan baƙar waya a babur ɗaya mas ce, a wani kuma wuta ce tsagwaronta. Yawancin baburan Sin da aka kwaikwaya daga CG125 launin Honda suke bi, amma ba duka ba. Tsohon babur kuwa da ya bi ta hannun masu gyara da yawa, an sha yi masa ƙari da duk wayar da ta zo hannu. A bi kowace waya a ga inda ta fito da inda ta nufa.

Regileta mai waya 5 yana da wata ƴar siririya, galibi baƙa a tsarin Honda. Ita ce kunnensa. Da ita yake jin ƙarfin batir. In aka bar ta a sake, ko makulli ya yi tsatsa har wutar da ke isa gare ta ta ragu, sai regileta ya ɗauka batir yunwa yake ji. Sai ya yi ta ɗura masa wuta har ya dafa shi. Sabon regileta, sabon batir, amma cikin ƴan makonni batir ya kumbura. Laifin na wannan ƴar wayar ne.

Don haka wanda zai shiga kasuwa ya tafi da tsohon a aljihu. Ya ɗauki hoton soket da wayar salula kafin a zare. Ya rubuta lambar da ke jikin akwatin, da sunan babur, da shekarar ƙira in takardu sun nuna.

Sai batun inganci. Kayan gyaran da ke shagunan Yamai daga nesa suke zuwa. Akwai na Sin, akwai na Indiya, ƙasar da ake ƙera Bajaj da TVS. Wasu ta Najeriya suke shigowa, daga Kano, ko daga Nnewi, garin da ya yi suna a cinikin kayan babur. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kaya da yawa ta tashar Lome suke biyowa, su ratsa Burkina Faso. Hanya ta yi tsawo, aljihu ya ji a jikinsa, mai saye kuma ya fi karkata ga mafi araha. A kwali ɗaya ana iya samun mai kyau, ana iya samun na banza. Akwai wani kamfanin Japan, Shindengen, da ke ƙera wa manyan kamfanonin babur regileta. Sunansa ya yi ƙarfi har masu jabu na buga shi a nasu. Kenan sunan da ke jiki shi kaɗai ba shaida ba ne.

Me ido da hannu za su iya ganewa? A ɗaga a ji nauyi. A dubi tsagen, masu kauri ne ko kamar gwangwani? A juya a dubi danƙon baya. In ya tsattsage, ko ya yi kumfa, ko ya rabu da ƙarfe, ruwa zai shiga. A dubi kaurin wayoyi, a girgiza haƙoran soket a ga ko suna rawa. Ƙarfin ɗaukar wutarsa kuma ya kai na tsohon, ko ya ɗara. In ya ɗara ba laifi. In ya gaza, zai ƙone.

Na hannu fa? A kasuwa irin Katako, inda tsohon ƙarfe ke samun sabuwar rayuwa, ana iya dacewa da na asali da aka ciro daga babur da ya gama yayi. Wani lokaci irin wannan ya fi sabon jabu ƙarko nesa ba kusa ba. Amma ba a gane lafiyarsa da ido. A je da babur, a ɗaura, a auna a gaban mai shi, sannan a biya. Ko sabo ne ma, a yi magana tun kafin kuɗi su bar hannu, don masu shago da yawa ba sa karɓar kayan wuta in an riga an ɗaura.

Za ku ji ana maganar regiletan zamani da ba sa zafi sosai, masu wani ɗan maɓallin lantarki da ake kira mosfet. Gaskiya ne, suna da kyau, amma yawancinsu don manyan babura masu wayoyi 3 aka yi su. Mai ƙaramin babur na zuwa aiki da cefane bai buƙatar wahalar nemansu.

Masu sauraro, ga kashi na ƙarshe, ɗaurawa.

A fara cire wayar batir mai alamar ɗebewa. Ita ake fara cirewa, ita ake mayarwa a ƙarshe. A kula kada a juya batir, ja a wurin baƙa. Juyi ɗaya na daƙiƙa guda ya isa ya kashe sabon regileta. A kankare tsatsa da fenti a inda akwatin zai zauna, don wasu ta jikinsu suke samun mas, kuma ƙarfen babur na taya su shan zafi. A ɗaure da noti, ba da igiyar roba ba. Kada a naɗe shi a leda wai don ruwa, kada a cusa shi kusa da salansa. Iska yake so. In haƙoran soket sun yi baƙi, ko robar ta narke, a sauya soket ɗin gaba ɗaya. Fiyus kuma a sa na gaskiya, mai lambar da ta dace.

An gama? Ba a gama ba sai an sake awo. A tayar, a murza totur, a kunna fitila. Ga mai bolt 12, lamba ta zauna tsakanin 13 da rabi zuwa 14 da rabi. Ga mai bolt 6, wajen 7. Bayan ɗan zagaye a taɓa soket. Akwatin zai yi zafi, aikinsa ne. Soket kuwa bai kamata ya yi ba.

Sai wani abu da ya zama yayi. Matasa na cire tsohon ƙwai su sa fitilar zamani, farar nan mai haske sosai da ba ta cin wuta da yawa. Haskenta na da amfani a titunan unguwa da ba fitilu. Amma in babur mai fitilar bobin ne, wutar mai kai-da-komo na iya sa ta ƙyafta ko ta mutu da wuri, sai in an ƙera ta don hakan. Kuma tunda ba ta cin wuta da yawa, rarar da regileta zai mayar zafi ta ƙaru. Wasu kuma akasin haka suke yi. Su ƙara fitilu, su ƙara oda mai ƙarfi, su sa wurin cajin salula, har abin da ake ci ya fi abin da bobin ke bayarwa. A nan batir zai riƙa sauka a hankali, a ɗora wa regileta laifi, alhali shi ba ya haifar da wuta ko kaɗan. Duk wanda ya ƙara ko ya rage wani abu a wutar babur, ya koma wurin mai mita, a kunna komai a lokaci ɗaya, a ga ko lambar ta tsaya sama da 13.

A nan shirin na yau ya tsaya. A sauka lafiya.